Kafin a Ɗora Keken Ɗinkin Kaka a Sikelin 'Yan Gwangwan

Ɗan gwangwan ba ya tambayar shekarun kaya, nauyinsu yake tambaya. In aka fito masa da tsohon keken ɗinki daga ƙuryar ɗaki, baƙi wuluk, ƙura ta rufe zanen ruwan gwal da ke jikinsa, abin da zai yi kawai shi ne ya rataya shi a sikeli. Kan keken kaɗai ya haura kilo 10, ƙafafunsa na zubin ƙarfe kuma sun fi haka. A biya masu gida kuɗin ƙarfe, a jefa a baro, daga nan sai guduma, sai babbar motar da ke kai lodi masana'antar narka ƙarfe. Abin da ya shekara 40 yana ɗinka wa gida guda kayan Sallah ya tafi ke nan, zai dawo a matsayin rodin gini.

Wannan asara ce da ake tafkawa da rana tsaka, domin mafi yawan kekunan nan ba mutuwa suka yi ba. Mai ne ya bushe a gaɓoɓinsu, ko bel ya tsinke, ko wata 'yar waya ta karye aka rasa mai dubawa. Kuma a daidai lokacin da ake narka su, gwamnatoci da 'yan siyasa na zuba maƙudan kuɗi wajen sayo sababbi daga ƙasashen waje don rabon tallafi. Abin dariyar, da yawa daga cikin sababbin kwaikwayon wancan tsohon ne, sak da sak, kuma da wuya a sami telan da ya taka duka biyun ya ce sabon ya fi.

Sunan Isaac Singer ne ya manne wa keken ɗinki, amma ba shi ya fara ba. Wani telan Faransa, Barthélemy Thimonnier, ya yi rajistar nasa a 1830, shekara na zagayowa teloli 'yan'uwansa suka far wa shagonsa a birnin Paris, suka farfasa kekunan da yake ɗinka kayan soja da su, don tsoron kada su rasa abinci. A Amurka, Elias Howe ya yi rajistar ɗinkin zare biyu a 1846, na sama da na ƙasa suna sarƙewa a tsakiyar yadi, wanda shi ne har gobe ake yi. Singer ya zo da nasa a 1851, aka yi ta shari'a, Howe ya yi nasara. Inda Singer ya sha gaban kowa shi ne kasuwa. Abokin cinikinsa, lauya Edward Clark, ya fito da tsarin biya kaɗan-kaɗan a 1856, talaka ya ɗauki keke ya riƙa biya daga abin da keken ke kawowa. Kamfanin ya kuma riƙa karɓar tsofaffin kekuna a musaya, ya rage wa mai saye kuɗin sabo, sannan ya farfasa tsofaffin don kada su koma kasuwa. Mai ƙera abin da kansa ya san cewa in ba da guduma ba, ba ya ƙarewa.

Yawancin tsofaffin Singer da suka shigo ƙasashen da Ingila ta yi wa mulkin mallaka daga garin Clydebank na Scotland suka fito. An buɗe masana'antar a tsakiyar shekarun 1880, kuma a 1913 kaɗai ta ƙera kekuna fiye da miliyan ɗaya. Girmanta ya kai har tashar jirgin ƙasan da ke kusa da ita sunanta Singer, kuma tashar na nan da sunan har yau, ko da yake an rufe masana'antar tun 1980. Wanda ke da irin wannan keke a gida zai iya sanin shekarunsa ba tare da ya tambayi kowa ba. A kan farantin keken, ta hannun dama kusa da gindin wuyansa, akwai lamba da aka buga a ƙarfe. In ta fara da harafin Y, a Clydebank aka yi shi tsakanin 1920 da 1935. In haruffa biyu ne masu farawa da E, nan ɗin dai aka yi shi, daga 1935 zuwa sama. Jerin lambobin da shekarunsu yana intanet kyauta. Akwai gidajen da ke ajiye da keke mai shekara 90 suna ɗora masa kwanuka.

Sirrin da ya sa gyaran waɗannan kekuna ke da sauƙi yana cikin samfuri guda, wanda Singer ya sa wa lamba 15. Asalin ƙirarsa ta koma 1879, kuma kafin ƙarshen wancan ƙarni ta zauna a siffar da kowa ya sani: baƙin kai, ƙoshiya a gefen hagu tana kai da komo, kwarkwaro zagayayye a cikinta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Japan suka rungumi wannan ƙira suka yi ta kwaikwayo, har kamfanin Toyota, wanda aka sani da mota, ya fitar da keken ɗinkinsa a 1946. Rasha ma ta yi nata a garin Podolsk, a masana'antar da Singer ya gina gwamnatin kwaminis ta ƙwace. Indiya na da Usha. Sin kuma ta fito da Butterfly daga Shanghai, wanda shi ne ya cika shagunan teloli daga Kano zuwa Damagaram. A can Sin ɗin ma, a shekarun 1970, ango bai cika ango ba sai ya tanadi abubuwa huɗu: keken hawa, keken ɗinki, agogon hannu da rediyo. Iyayen da suka sa wa 'yarsu keke cikin kayan ɗaki a Katsina ko Maraɗi, ashe lissafinsu ɗaya da na iyayen Shanghai.

Amfanin wannan kwaikwayo shi ne kayan gyara ba sa yankewa. Kwarkwaron da ake sayarwa yau a kasuwar Sabon Gari zai shiga keken da aka ƙera kafin a haifi mai sayar da shi. Allurar da ke ɗauke da lamba 130/705H, wadda kekunan gida na zamani ke amfani da ita, ita ce dai allurar tsohon samfuri na 15. Babu wata wayar hannu, ko janareta, ko mota da za a faɗi haka a kanta. Sai dai a kula, ba duk baƙin keke ne ɗan gida ɗaya ba. Samfuri na 66 da na 99 da na 201 kwarkwaronsu daban ne, kuma akwai waɗanda suka fi su tsufa masu doguwar ƙoshiya mai tsinin baki, da kwarkwaro siriri. Mutane da yawa sun yanke wa keke hukuncin mutuwa alhali kwarkwaron da ba nasa ba aka cusa masa.

Wanda ya taɓa zama a rumfar mai gyaran keke ya ga yadda aikin yake. Ana kawo masa kan keke a bayan babur, ya ƙage, ko motsi ba ya yi. Ba ya fara da guduma. Sai ya kwance farantin allura, ya sa tsinke ya zaƙulo auduga da guntayen zaren da suka dunƙule a tsakanin haƙoran da ke jan yadi, wani lokaci har sun yi tauri sun zama dunƙule guda. Sai ya kifa keken, ya ɗiga kananzir a kowace mahaɗa, ya bar shi ya kwana. Washegari ya kama wilin hannu ya riƙa rarrashinsa, gaba kaɗan, baya kaɗan, har baƙin ruwa ya fara tsiyaya daga gaɓoɓin. In wilin ya saki, ya goge, ya bi kowane rami da farin man keke, ɗigo ɗaya-ɗaya. Sau da yawa aikin ya ƙare ke nan.

Baƙin ruwan nan kuwa tarihin ganganci ne. Wata ta rasa man keke ta zuba man gyaɗa, wani ya ga baƙin man mota a kusa ya ce ai duk mai ne. Man girki yana daskarewa ya zama danƙo, ya riƙe ƙarfe gam. Haka ma masu son keken ya yi ƙyalli su wanke shi da omo da soson ƙarfe, ko su goge shi da sipirit. Fentin tsohon keke yana da rufi na wani irin ƙaro a samansa, sipirit na narkar da shi, zanen gwal ɗin ya koma fari-fari, kuma ba ya dawowa. Tsumma mai laushi da ɗan man keke sun ishe shi.

Inda gwaninta take shi ne wurin saiti. Allura na sauka ta huda yadi, in ta fara komawa sama sai zaren ya yi ɗan lanƙwasa a bayanta, a daidai wannan ƙiftawar bakin ƙoshiya zai wuce ta saman idon allurar ya ɗauki zaren. In sandar allura ta zame ko da kaurin farce ne, keken zai riƙa tsallake ɗinki, tela ya yi ta canza allura yana tsaki. Gwanin gyara kan runtse ido ɗaya, ya juya wili a hankali, ya sassauta noti guda, ya ɗaga sandar, ya ɗaure. Sai ya jawo ƙyallen shadda ya ninka biyu ya taka, ya juya bayansa ya duba. In zare ya yi cunkus a ƙasa, ya san laifin na zaren sama ne, ya koma kan faifai biyun da ke matse shi. Wannan ilimi ba ya cikin littafin da ake bayarwa a kwali. A hannun dattawa yake, kuma yaran da za su gada sun fi karkata ga gyaran waya da tuƙin adaidaita sahu.

Kekunan gida na zamani ba sa karɓar irin wannan jinya. Tun daga wajajen ƙarshen shekarun 1960 masu ƙera su suka fara sa giyar roba a maimakon ta ƙarfe, har da Singer kansa a jerin kekunansa na Touch & Sew, kuma roba in ta tsufa tsagewa take yi. Na baya-bayan nan kuma akwai allon lantarki a ciki. In wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona shi, mai gyara sai dai ya ba da haƙuri, ko a jira wani allon ya zo daga Dubai ko Guangzhou.

Ga kuma maganar wutar kanta, wadda ba sai an yi wa tela wa'azi a kai ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, kunna janareta ya zama abin da ake shawara kafin a yi. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, ninki uku da ɗoriya na yadda yake a da. A Nijar, bayan juyin mulkin Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar, wadda ita ce mafi yawan abin da suke amfani da shi a lokacin, aka yi watanni a haka. A duk wannan hali keken ƙafa bai san an yi ba. A goman ƙarshe na azumi, lokacin da masu kaya ke zarya kuma tela ke kwana a shago, wanda ke da keken ƙafa da fitilar caji ba ya jiran kowa.

Telan tafi-da-gidanka ma shaida ne. Matasan da ke yawo da keken hannu a kafaɗa a unguwannin Legas da Abuja da Accra, suna kaɗa almakashi don a san sun iso, da yawansu daga ƙasar Hausa suka fito. Keken nan yana shan rana da ƙura da ruwan sama, ana dire shi a kan dakali sau da yawa a yini, ya ɗinke wandon jins mai kauri, ya koma kan siririn mayafi. Shi ne jarin gaba ɗaya, shi ke biyan kuɗin abinci da na aikawa gida.

Masu ganin wannan duk son tsohon abu ne suna da hujjarsu, kuma ba ƙarama ba ce. Tsohon keke miƙaƙƙen ɗinki kawai ya iya. Ba ya zigzag, ba ya yin gidan maɓalli sai an ɗaura masa wata na'ura, da yawa ma ba sa komawa baya. Surfanin wuyan kaftani sai keke irin 20U ko na kwamfuta. Wajen sauri kuwa ba a haɗa su: Juki DDL-8700 na masana'anta yana iya kaiwa ɗinki 5,500 a minti guda, abin da ƙafar ɗan'adam ba za ta taɓa kusanta ba. Wanda ya karɓi kwangilar yunifom ɗin makaranta guda ba zai zauna yana taka feda ba, kuma duk wanda ya ce masa ya yi hakan ba masoyinsa ba ne. Taka feda yini guda yana cin gwiwa da baya, musamman ga mai shekaru.

Amma ai ba masu kwangila ake raba wa keken tallafi ba. Ana ba bazawara ce mai 'ya'ya, da yarinyar da ta gama koyo, da matar aure da ke ɗinka zannuwa da hijabai da kayan yara a tsakar gida. Aikinsu kusan duk miƙaƙƙen ɗinki ne. Wadda gwiwa ta dama kuma, ana ɗaura wa tsohon keke ƙaramin moto a gefe, in wuta ta ɗauke a mayar da bel ɗin ƙafa. Abin da waɗannan mata ke buƙata shi ne keken da ba zai tsaya ba, in kuma ya tsaya a sami mai tayar da shi a kusa. Kowa ya san abin da ke biyo bayan bikin rabo: an ɗauki hoto, an yi jawabi, wasu kekunan ba sa ma isa gida, a bakin ƙofa ake sayar da su rabin kuɗi. Waɗanda suka isa gida kuma, ranar da suka fara tsinka zare, sai a lulluɓe su da tsohon zane.

Akwai kuma tarkon da mai saye zai kiyaye. Ba duk keke mai baƙin fenti da zanen gwal ne tsoho ba. Ana ƙera sababbi da wannan kamanni, wasu har da tambarin da ba nasu ba, zubin ƙarfensu garas-garas, notinsu na cinyewa daga ɗauri biyu. Mai gyara na gane su daga sauti. Tsohon kirki in an juya wilinsa aka saki, yakan ci gaba da juyawa shi kaɗai, sumul, babu ƙara.

A Turai da Amurka waɗannan kekuna sun zama abin nema. Ƙaramin Singer Featherweight da aka fito da shi a 1933, mai nauyin kilo 5 kacal, masu ɗinkin barguna na sayensa da ɗaruruwan daloli. Akwai ƙungiyar masu tara tsofaffin kekuna ta duniya, ISMACS, tun 1985. Abin da ya fi shafar Afirka shi ne aikin ƙungiyoyin agaji na Ingila irin su Tools for Self Reliance da Workaid. 'Yan sa-kai, da yawansu tsofaffin da suka yi ritaya, suna karɓar kekunan da mutane suka gada ba sa amfani da su, su kwance, su wanke, su saita, a zuba a kwantena a aika cibiyoyin koyon sana'a a ƙasashe irin su Ghana da Saliyo da Tanzaniya da Zambiya. Wato wani dattijo a Ingila yana ɓata yininsa kan keken da za a yi wa tafiyar dubban kilomita a teku, yayin da ɗan'uwan wannan keke, wanda ya riga ya iso tun shekaru 70 da suka wuce, yana kan hanyarsa ta zuwa tukunyar narka ƙarfe.

Gyaran wannan lamari bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba, balle jiha. Duk shirin da ya ware kuɗin sayen sababbin kekuna zai iya yanke wani kaso ya saye tsofaffi daga hannun masu su, a farashin da ya ɗara na ɗan gwangwan, ya ba masu gyara na gida kwangilar tayar da su. Kuɗin zai tsaya a gari maimakon ya bi dala ya fita. Hukumomi irin su NDE, wadda aka kafa a 1986 don samar da aikin yi, da ITF da ke horar da ma'aikata tun 1971, da cibiyoyin koyon sana'a na jihohi, za su iya ɗaukar gyaran keken ɗinki a matsayin sana'a mai zaman kanta, su ɗauko dattawan rumfuna su biya su su koyar. Ƙungiyoyin teloli sun san waɗannan dattawa ɗaya bayan ɗaya, sun san wanda hannunsa ke da kyau. Kuma bai kamata a miƙa wa kowa keke ba sai an nuna masa ramukan mai, da yadda ake cire farantin allura, da yadda ake yanke bel ɗin fata a huda shi a maƙale da waya in ya saki.

Babban giɓin yana cikin gidaje. Kekuna masu yawan gaske a ɗakunan matan aure suke, inda aka rubuta "ba shiga" a zaure, kuma masu gyara kusan duk maza ne. In keke ya sami matsala sai an jira maigida ya sami sarari, a kwance kan, a nemi abin hawa, a kai kasuwa, a koma karɓowa. Matsalar da ba ta wuce minti goma ba sai ta ci wata guda, masu kawo ɗinki kuma su koma wani gidan. Mace mai gyara za ta yi sallama ta shige kai tsaye har ɗaka. Kayan aikinta ba su wuce cikin jakar hannu ba: sukudireba babba da ƙarama, filaya, tsohon burushin haƙori, kwalbar man keke, ɗan kananzir, allurai, kwarkwaro, robar naɗin zare da bel guda biyu. Makarantun Islamiyya na matan aure, inda dama ake haɗuwa kowane mako kuma wasunsu na koyar da ɗinki da saƙa, su ne wurin da ya fi dacewa a fara horar da rukunin farko.